HIDIMAR ƘASA: A FARA DA TAMBAYAR ABIN DA MUTANE KE BUƘATA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamai ya gabatar wa 'yan uwa matasa a wajen walimar da aka shirya wa wasu ɗalibai da suka kammala karatunsu, suke shirin tafiya aikin yi wa ƙasa hidima. An kawo shi ne saboda muhimmancinsa ga mai tafiya da kuma wanda baƙo zai sauka a garinsu.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara ne da gyaran suna. Ya ce mutane sun saba cewa "bautar ƙasa", har yara in suka hango mai kakin nan da farar riga sai su ce ga ɗan bautar ƙasa. To ita bauta an san Wanda ake yi wa ita, saboda haka a bar kalmar a mazauninta. Abin da ake nufi shi ne hidima. Amma ko da an gyara an ce hidimar ƙasa, akwai sauran tambaya, wato wace ce ƙasar da za a yi wa hidimar? Ya ce taswira dai ba ta jin ƙishirwa, tuta kuma ba ta naƙuda. Mai jin ƙishirwa ita ce tsohuwar da famfon unguwarsu ya lalace tun bara. Mai naƙuda ita ce matar da aka ɗauko a amalanke da tsakar dare, aka iske ɗakin shan magani a kulle. Wanda ya tafi hidima ya dawo bai rage wa irin waɗannan komai ba, in ji Malam, ya dai yi shekara a baƙon gari.

ASALIN SHIRIN

Daga nan Malam ya shiga tarihi. Ya ce shirin nan da aka fi sani da NYSC ɗan yaƙi ne, domin yaƙin basasa ne ya haife shi. An gwabza daga watan Yuli na 1967 zuwa Janairun 1970, wata 30 ke nan, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta. Da aka ajiye makamai sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce za ta yi abubuwa uku: sasanta tsakani, sake gina abin da ya rushe, da farfaɗo da waɗanda yaƙin ya tagayyara. A cikin wannan ne aka fito da dokar soja mai lamba 24 a ranar 22 ga Mayu, 1973, aka kafa hukumar, aka ɗora Kanar Ahmadu Ali a matsayin shugabanta na farko. Tun kafin a fara ɗaliban jami'o'i suka yi zanga-zangar ƙin amincewa, amma gwamnatin soja ta yi abin da ta yi niyya. Rukunin farko mutum 2,364 ne kacal, aka rarraba su a jihohi 12 da ake da su a lokacin. A shekarar 1993 aka sake wa dokar fasali da doka mai lamba 51, daga baya kuma tsarin mulkin 1999 ya ambace ta a sashe na 315, yadda ba za a iya soke ta ba sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa.

Ya ce a lura da kyau, ainihin manufar da aka gina shirin a kanta ita ce haɗin kan ƙasa. A ɗauki ɗan Inugu a kai shi Sakkwato, a ɗauki ɗan Katsina a kai shi Kalaba, ko ma san juna. Wannan manufa ce mai kyau, kuma an samu wani abu a ciki. Akwai waɗanda suka zo hidima suka zauna, suka yi aure, suka kafa sana'a. Illa iyaka dai, shirin ya fara ne daga tambayar "ina za mu kai waɗannan da suka gama karatu?" Bai fara daga tambayar "me mutanen ƙauye kaza suke buƙata, kuma wa zai iya yi masu?" ba. Malam ya ce a riƙe wannan bambancin, don a kansa sauran maganar za ta hau.

YADDA SHEKARAR TAKE TAFIYA

Saboda ƙannen da ba su kai ba tukuna, Malam ya yi bayanin yadda abin yake. Duk wanda ya gama digiri ko babbar difloma bai haura shekara 30 ba, wajibi ne a kansa, ba ganin dama ba ne. Wanda ya haura ana ba shi takardar ɗauke nauyi. Shekarar ta kasu huɗu. Da farko mako uku a sansani, ana fareti da laccoci da koyon sana'a, wanda aka shigo da shi a 2012. Sai a tura mutum wurin aikinsa, makaranta ko asibiti ko ofis. Sannan akwai rana guda a kowane mako da aka ware don aikin raya al'umma. A ƙarshe a yi bikin sallama a ba da takardar shaida. Ana biyan alawus duk wata: naira 19,800 daga 2011, ya koma 33,000 a 2020, a 2025 kuma aka fara biyan 77,000. Waɗanda ake ɗauka a shekara sun tashi daga dubu biyu da 'yan kai na farkon nan zuwa fiye da dubu 300.

Ita kuwa takardar shaidar, in ji shi, ƙarfinta ya kai inda ba a ɗaukar mai digiri aikin gwamnati sai da ita. A watan Satumba na 2018 ministar kuɗi ta tarayya, Kemi Adeosun, sai da ta ajiye muƙaminta saboda ce-ce-ku-ce a kan takardar ɗauke nauyin da ta gabatar, duk da cewa a 2021 kotu ta yanke cewa hidimar ba ta hau kanta ba tun farko. To ka ga takardar da ta iya tayar da minista daga kujera, ba mamaki in saurayi ya ɗauka cewa ita ce gaba ɗayan abin da aka je nema.

INA BUƘATAR TAKE?

Malam ya ce buƙatun al'umma ba ɓoyayyu ba ne, duk wanda ke zaune a wurin nan zai iya lissafa su da yatsu. Ta farko ilimi. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana faɗin cewa yara kimanin miliyan 10 da rabi ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Waɗanda ma suke zuwan, sau nawa ake shiga sakandaren ƙauye a iske babu malamin lissafi ko na kimiyya ko guda? Ta biyu lafiya. Akwai asibitocin ƙananan hukumomi da in ka cire likitan da ya zo hidima, to da ƙyar a samu wani. Ta uku ruwan sha da tsafta, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke ɓarkewa. Ta huɗu noma da hamadar da ke cin gonaki daga Kabi har Borno.

Ya ce ita kanta gwamnati ta san da wannan, shi ya sa a 2012 ta ce za a riƙa tura masu hidima ɓangarori huɗu: ilimi, lafiya a karkara, noma da ayyukan gine-gine. A 2014 kuma hukumar ta fito da shirin kai likitoci da ma'aikatan jinya ƙauyuka su duba marasa lafiya kyauta. A takarda abin ya yi kyau. To amma a zo a dubi yadda yake a aikace.

Da yawa tun kafin sunaye su fito an fara kamun ƙafa, kowa na neman Abuja ko Legas ko babban birnin jiha. Ƙauyen da ya fi kowa buƙata shi ya fi kowa rasawa. Wani a tura shi ofis a ce babu gurbi, ya yi ta yawo da takarda a hannu. Wani a karɓe shi, ya shekara yana sayo wa manya abinci. Wani kuma ba a ganinsa sai ranar sa hannu ta ƙarshen wata. Wanda ya je makarantar da gaske ma yana da tasa matsalar. Injiniya ne, bai taɓa koyon yadda ake koyarwa ba, aka miƙa masa alli. Ba ya jin Hausa, yaran kuma ba sa jin Turanci, sai ya yi ta magana da allo. Ran da ya fara sabawa da su, sun fara gane shi, sai wa'adinsa ya cika a tsakiyar zangon karatu, ya ɗauki jakarsa. Wasu jihohin kuma sun mayar da masu hidima dalilin ƙin ɗaukar malamai na dindindin, tunda ga na arha ana kawowa duk shekara. Malam ya ce wannan shi ne ciwon da ake rufewa da tsumma, yana nan yana ci ta ciki.

Ya taɓo aikin raya al'umma na mako-mako, ya ce a nan ne ake gane mai hankali. Wani zai tara kuɗi ya gina dogon allo a shataletale, ya rubuta sunansa da lambarsa ɓaro-ɓaro, alhali a bayan shataletalen akwai makarantar 'yan mata da ba ta da makewayi. Bai tambayi kowa ba, shi ya sa.

INDA AKA FARA DAGA BUƘATA

Don a ga bambanci, Malam ya kawo misalai daga wasu ƙasashe, ya ce ba wai tsarin mulkinsu ko aƙidarsu ake yabo ba, darasin aikin ake so a ɗauka.

Misali na farko Amurka. A shekarar 1933 tattalin arzikinsu ya durƙushe, samari miliyoyi ba aikin yi, ga ƙasar noma iska da ruwa suna kwashewa. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar samari ta kiyaye ƙasa da dazuzzuka. Ba wanda aka tilasta wa, kuma ba a tambayi digiri ba. Ana biyan saurayi dala 30 a wata, a aika wa iyayensa 25 daga ciki. Kafin a rufe shirin a 1942 samari kimanin miliyan 3 sun ratsa ta cikinsa, sun dasa itatuwa wajen biliyan 3. Ya ce a duba hikimar: yunwar gida, zaman banzan saurayi da zaizayar ƙasa, duk aka tunkare su da aiki guda. Sai ya yi tambaya, jihohi 11 na Arewa da aka ce shirin shingen itatuwa na tare hamada zai ratsa, samari nawa ne ke zaune a bakin titi a cikinsu?

Misali na biyu Kuba. A 1961 suka ce a cikin shekara guda za su kawar da jahilci. Ɗalibai kimanin dubu 100 suka fita, da yawansu ba su kai shekarun waɗanda ke zaune a wannan walima ba. Kowa aka ba shi littafi da fitila. Suka sauka a gidajen manoma, da rana su bi su gona, da dare a kunna fitila a yi karatu. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen dubu 700 sun iya karatu da rubutu, marasa iyawa suka koma ƙasa da kashi 4 cikin 100. Ya ce sirrin shi ne aikin guda ɗaya ne, kowa ya san shi, kuma ana iya auna shi: ko tsohon nan ya iya rubuta wasiƙa ko bai iya ba.

Misali na uku kuwa, in ji Malam, ba sai an haye teku ba. A maƙwabciya Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da Samariya, tsohon tsarin nan na sarkin samari da jama'arsa. Da hannunsu suka riƙa gina azuzuwa, suna share gari, suna noma gonakin gayya. Gaskiya ne gwamnatin soja ta yi amfani da su wajen kafa kanta, wannan kuma abin lura ne ga duk matashin da aka kira aikin sa kai. Amma tushen abin na gida ne. Bahaushe ya san aikin gayya tun kafin a haifi mai dokar 1973. In rufin gwauruwa ya zube, ko gonar mara lafiya ta yi ciyawa, ba a jiran takarda daga Abuja. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

HAƘƘIN BAƘO

A nan muryar Malam ta sauya. Ya ce akwai maganar da ba daɗin faɗi amma dole a faɗe ta a gaban matasa. Tun da hukumar zaɓe ta fara amfani da masu hidima a rumfunan zaɓe, aka jefa su a tsakiyar rigimar da ba tasu ba. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, aka kashe ɗaruruwan mutane. A cikinsu akwai masu hidima 10 da aka kashe a Jihar Bauci. Gwamnati ta ba iyalan kowannensu naira miliyan 5, amma wace uwa ce za ta karɓi miliyan 5 a madadin ɗan da ta yi shekara 20 tana wahala a kansa? Ya ce waɗanda suka yi wannan aika-aika samari ne, kuma waɗanda 'yan siyasar da aka yi dominsu ba su san ko sunansu ba. Haka nan a watan Agusta na 2023 'yan bindiga suka sace matasa 8 daga Akwa Ibom a hanyar Zamfara, suna kan hanyarsu ta zuwa sansani a Sakkwato. Na ƙarshensu sai da ya yi kimanin shekara guda a hannunsu.

Ya ce sakamakon irin wannan shi ne iyaye a Kudu su yi ta fafutukar kada a turo 'ya'yansu Arewa. Wa ya yi asara? Yaron ƙauyen da ajinsa ya zauna ba malami, da matar da ta je asibiti ba likita. Wanda ya zo garinku hidima baƙo ne, amana ce iyayensa suka saki, ko wane addini yake bi, ko wane yare yake yi. Kuma a tuna, a daidai lokacin da yake hannunku, naku ɗan uwan yana can Abakaliki ko Ogbomosho a hannun wasu.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Malam ya juya ga masu shirin tafiya. Ya ce kada ɗayanku ya ba da cin hanci don a sauya masa wuri. In akwai larura ta rashin lafiya ko tsaro, hukumar tana da ƙa'idar neman sauyi, a bi ta. In ka sauka, wata na farko ka zama mai kunne. Ka gai da mai gari, ka zauna da shugaban makaranta da dattawa da matasan wurin, ka tambaye su abin da ya fi damunsu. Sannan ka zaɓi abu guda wanda ƙarfinka zai kai, wanda kuma za a iya aunawa. Alal misali, yara 30 da ba su iya haɗa baƙi ba su iya kafin ka tafi. Ko famfon burtsatse da ya mutu ya tashi, kuma a samu mutum biyu a garin da suka san yadda ake gyara shi. Kada ka fara abin da zai mutu ranar da ka hau mota. Alawus ɗin da kake karɓa daga dukiyar jama'a ya fito, in ba ka je aiki ba ka san abin da kake ci. Ka riƙe sallarka da mutuncinka, don a can da kai za a auna duk mutanen garinku.

Sai ya juya ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa a wurin. Ya ce akwai mai sakandare, akwai mai Islamiyya, akwai tela da bakanike da ɗan acaɓa, waɗanda wataƙila ba za su taɓa sa kakin nan ba. Kada wani ya ce ba da shi ake ba. Doka ta ware masu digiri, amma buƙata ba ta tambayar takarda. Malamin da aka turo makarantar unguwarku ba ya jin Hausa, kai kana jin Turanci daidai gwargwado. In ka ba da awa biyu a mako ka tsaya kusa da shi kana yi wa yara tafinta, darasin da ke zubewa ƙasa ya shiga kai. Likitan da aka kawo yana buƙatar mai yi masa bayanin abin da tsohuwa ke faɗi, da samari masu ba da jini in an kawo mai haihuwa. Baƙon yana buƙatar ɗaki mai tsaro da wanda zai nuna masa kasuwa. In ya tashi tafiya kuma, wa zai karɓi ajin dare ko ragowar kayan gyaran famfon in ba ku ba? Shi shekara guda gare shi, ku kuwa nan aka binne cibiyarku.

Ya ba da shawarar cewa matasan kowace unguwa su zauna su rubuta buƙatunsu a takarda guda, su jera su daga mafi tsanani, su ajiye kwafi wajen mai unguwa. Duk mai hidimar da ya zo, ko wata ƙungiya, ko ɗan siyasa mai neman suna, a miƙa masa takardar a ce ga inda ke yi mana ciwo. Wanda kuma ba sai an jira kowa ba, kamar yashe kwata kafin damina da gyaran maƙabarta da koyar da ƙanne, a sa rana a fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙarshe Malam ya yi wa masu tafiya addu'ar Allah ya kai su lafiya, ya tsare su a hanya da masauki, ya dawo da su ga iyayensu lafiya. Ya ce in sun dawo za a sake haɗuwa a wannan wuri insha Allah, kuma kafin a dubi takardar kowa za a tambaye shi sunan garin da ya zauna da abin da ya bari yana aiki a cikinsa. Da wannan aka rufe taro da addu'a, aka ci abin da ya sawwaƙa, aka sallami jama'a.